Shafi Bakwai na Littafin Kawu

A cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye takarduna akwai wani ɗan littafi mai shafi ashirin da huɗu, ɗinkin hannu da zaren saƙa. Takardar ta yi ja, baƙaƙen sun dusashe, amma idan na kai shi hanci har yanzu ina jin ɗan warin tawadar mashin. Shi kaɗai ya rage mini cikin hamsin ɗin da muka buga a Tanut, a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin ina da ƙarfina. Duk sanda na buɗe shi nakan yi wa mutum uku addu'a: kawuna da ya wallafa shi, da mai tafiretar da ya buga shi, da wani tsoho da ya hana ni sukuni kwana uku a kansa. Allah Ya jiƙansu duka.

Kawu wan mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na yi karatu a ƙauyenmu da ke gefen kwarin Tarka. Shi ya koya mini fiƙe alƙalami, da dafa tawada da ƙaro, da rubuta Hausa da ajami. Bayan shekarun fari, da mutane suka watse suka sake dawowa, tambayoyin da ake kawo masa suka canza. Makiyayi zai zo ya tsuguna ya ce ruwan salkarsa ba zai ishe shi sha da alwala ba, rijiya kuma tafiyar yini ce, to yaya zai yi? Wani ya tambayi hukuncin ruwan da raƙumi ya sa baki. Wani ya tambayi sallar wanda ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Da Kawu ya gaji da maimaita amsa, sai ya zauna ya rubuta su da ajami, cikin Hausa mai sauƙi, yana kawo aya ko hadisi inda ya dace. Warƙoƙi ne a sake, babu ɗinki, suna zaune cikin gafakar fata da ta girme ni.

Ni kuwa a lokacin na koma Tanut. Da safe ina kan keken ɗinki a bakin kasuwa, da yamma ina koya wa manya boko, wanda ni ma da gemuna na koye shi. Abin da ya dame ni shi ne ɗalibaina sun iya haɗa baƙi, amma babu abin karantawa sai takardun takin zamani da na maganin ƙwarin gyaɗa. Sai tunanin littafin Kawu ya zo mini, in juya shi zuwa boko. A ofishin da ke kula da karatun manya, wanda muke kira biro, akwai tafireta, akwai kuma mashin mai hannu da ke fitar da takarda da yawa daga guda. Na tambaya, aka ce in kawo.

Shawo kan Kawu ne aiki. Ya zo Tanut neman maganin ido, ya sauka gidan ƴarsa, na yi ta sintiri wajensa mako guda. Amsarsa ɗaya: maganar Allah ba ta shiga ƙarfe. Rannan dai, bayan na gaya masa cewa cikin ɗalibaina akwai masu jan ruwa a rijiyoyin arewa da ba su san taimama ba, sai ya jawo gafakar daga ƙarƙashin matashinsa.

“Ɗan nan, sharaɗi biyu,” in ji shi. “Aya da hannunka za ka rubuta ta, da baƙaƙenta, ba da na Nasara ba. Na biyu, kada takardar da ke ɗauke da aya ta taɓa ƙasa. Ka ɗauka?”

Na ce, “Na ɗauka, Kawu.”

“Da bakinka ka faɗa.”

Mai tafiretar mutumin Damagaram ne, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci. Siriri, mai son tsokana, sigari ba ya rabuwa da leɓensa. Tun ranar farko ya raɗa mini Alaramma, alhali ya san ko rabin Alƙur'ani ban haddace ba. Aikinmu kuwa haka yake tafiya: ina zaune gefensa da warƙa a hannu ina karantawa a hankali, shi yana bugawa a kan wata takarda mai kakin zuma da suke kira istansil. Yakan cire ƙyallen tawadar tafiretar, don baƙaƙen su huda kakin. Idan na zo wurin aya sai in ce, “Tsaya, bar fili.” Ya bar fili. Daga baya in ɗora istansil ɗin kan gilashi in rubuta ayar da alƙalamin bik ɗin da tawadarsa ta ƙare. Wannan ma sai da na koya, domin idan ka rufe zagayen harafi ruf, tsakiyar takan fita, tawada ta cika wurin ta zama ɗigo. Dole ka bar ɗan ƙaramin baki. Na lalata biyu kafin hannuna ya gane.

“Alaramma, a hankali,” Mushe yakan ce. “Wannan ba allo ba ne da za ka wanke ka shanye.”

Irin wannan bakin nasa ne ya sa na yi kuskuren da na yi. Sharaɗi na farko ya gani da idonsa. Na biyun kuwa ban taɓa gaya masa ba. Na ji tsoron kada ya mai da maganar Kawu abin dariya, na ce a raina ai ina nan, ni zan kula.

Ranar bugu bazara ta kai inda ta kai. Tawada ta yi ruwa saboda zafi, takardu suna fitowa a jiƙe, ba su shanyuwa da wuri. Mushe na juya hannun mashin, ni ina karɓa ina jerawa kan teburi. Ba mu kai rabi ba la'asar ta yi, ɗalibaina kuma suna jira a rumfa. Ya ce in tafi, zai ƙarasa. Na tafi, zuciyata fari tas.

Washegari na same shi ya tara komai kan teburi, kowane shafi da tarinsa. Muka fara zagaye muna ɗauka ɗaya-ɗaya don haɗa littafi. Shafi na ɗaya babu. Na ce wataƙila yana ƙasan wani. Na biyu na nan, na uku na nan, na huɗu babu. Muka ƙirga tarin sau uku, goma sha bakwai ne. Bakwai sun ɓace, kowanne da takardunsa hamsin.

“A ina ka bar su jiya?” na tambaye shi.

“Na shanya su mana.”

“A ina?”

Ya nuna siminti da sigarinsa. “Teburi ya cika, sai na kwashe duka na baza su nan, iska ta fi shiga. Da safe na tattara abin da na gani. Me ya faru ka yi fuska kamar an ce kekenka ya faɗa rijiya?”

Sai a lokacin na gaya masa sharaɗin Kawu. Abin mamaki, bai yi dariya ba. Ya kashe sigarin, ya ce, “Haba Malam. Ai da ka faɗa.” Ranar ce kaɗai ya kira ni Malam.

Muka shiga nema. Da farko shi kansa ya fara shakka ko ya tsallake su bai buga ba, domin da muka duba ƙusoshin da yake rataye istansil ɗin da aka gama da su, goma sha bakwai ne a rataye, bakwai babu. Muka duba kwandon shara, ko gurɓatattun farko da ake zubarwa babu na waɗannan shafukan. Kamar ba a taɓa yin su ba. Sai ya buɗe mashin, ya kira ni. A jikin ƙyallen da ke naɗe da gangar, inda tawada ke ratsowa, ga inuwar rubutuna ta addu'ar rufe littafi, shafi na ƙarshe. Ashe an buga. Muka duba ragowar farar takarda, ita ma ta nuna an ci ta shafi ashirin da huɗu cif. Mashin ya yi aikinsa, ya fitar. Inda abin da ya fitar ya tafi, shi ne ba mu sani ba.

Makullin ɗakin uku ne. Ɗaya na Mushe, ɗaya na shugaban biron, ɗaya na planto, wato tsohon da ke shara da rufe tagogi da kai wasiƙu. Shugaban ya fita rangadi wajen Belbeji tun da asuba, kuma ya tafi da tsohon. Na ambaci sunan tsohon, Mushe ya girgiza kai.

“Baba? Tsohon soja ne, tun kafin a kawo ni nan yake aiki, ko allura bai taɓa ɗauka ba. Bai iya karatu ba, me zai yi da takarda? Nemi wani.”

Na nemi wani. Akwai awaki da ke kwana a inuwar biron, ƙofar kuma tana da rata a ƙasa. Na bi su har bayan gari ina duba inda suka yi kiwo, ina neman ko guntun takarda. Babu. Daga nan tunani mafi muni ya zo mini. A bakin ƙofar biron akwai wata dattijuwa mai ƙosai, wadda takan karɓi tsoffin takardun biro tana ƙunshe wa masu saye. Na tsaya gabanta na gaishe ta, na ce ina so in ga takardunta.

“Ƙosai kake so ko takarda?”

“Takarda, Inna.”

“Yau na ga sabon ciniki. Shekara nawa kana wuce ni ba ka taɓa saye ba, yau ka zo cin takarda?” Ta turo mini kwandon da ƙafa. “Duba. In ka ga wasiƙar budurwarka ka ɗauka, ban karanta ba.”

Na tsuguna na bi su ɗaya bayan ɗaya, hannuna duk mai. Sanarwar taro ce da tsoffin jerin sunaye. Na yi hamdala, na sayi ƙosan da ban iya ci ba.

A kwana na biyu na zauna da warƙoƙin Kawu ina gwada su da abin da ya rage, don in san ainihin me muka rasa. Na ɗaya, mai bisimilla. Na huɗu, mai ayar alwala. Na tara, mai ayar taimama. Haka har na ƙarshe. Sai na ga abin da ya kamata in gani tun jiya: duk shafin da na sa hannu na rubuta Larabci ya tafi, duk wanda boko ne zalla yana nan. Ko ɗaya ba a kuskure ba. Akuya ba ta zaɓe haka, iska ma ba ta yi.

Mushe ya duba, ya koma ya zauna. “To, Alaramma, aljanin nan malami ne. Ya fi ka karatu ma. Ka je ka yi masa sallama cikin ladabi.”

Ya kawo shawara, mu jira sabon istansil daga Damagaram mu sake buga bakwai ɗin, Kawu ba sai ya ji ba. Ba zan ɓoye ba, shawarar ta kwanta mini na ɗan lokaci. Amma Kawu bai ce in kawo masa littafi cikakke ba. Cewa ya yi kada aya ta taɓa ƙasa. Ta taɓa, kuma yanzu ban san a hannun wa take ba.

Na sami Kawu a zaure, an ɗaure masa ido ɗaya da auduga. Na faɗi komai, har da cewa ni ne ban gaya wa Mushe ba. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da na fi jin sauƙi. Ya miƙo hannu kawai.

“Ba ni gafakata.”

Na ba shi. Ya buɗe, ya bi warƙoƙin da yatsa yana ƙirgawa, abin da bai taɓa yi a gabana ba. Sannan ya ce sauran goma sha bakwai ɗin kada a ba kowa, hukunci ba ya tafiya babu hujjarsa. Jibi ranar kasuwa zai hau mota ya koma gida da littafinsa.

“Laifina ne,” in ji shi. “Ni na ba ka.”

A bayan biron akwai wani ƙaramin masallaci na laka, sahu biyu yake ɗauka, rufinsa azara da zana, ƙasa-ƙasa har dogon mutum sai ya sunkuya. A kwanakin nan can nake salla, don ban iya nisa da wurin. Bayan kowace salla in zauna in ɗaga hannu in ce, ya Allah, Kai Ka san inda ayoyinKa suke, Ka nuna mini. Sau nawa na faɗa, ban sani ba.

Ana gobe kasuwa, bayan azahar, motar rangadi ta dawo. Baba planto ya sauko da ɗan bargonsa da butarsa. Bai ko shiga biro ba, ya hango ni a bakin masallaci, ya nufo ni da tafiyarsa ta soja, fuska a ɗaure.

“Kai ne mai rubutun nan?”

“Ni ne, Baba.”

“Kai da ake ce maka ɗan malamai? Na zo rufe taga na tarar da Alƙur'ani a baje a ƙasa, inda nake takawa da takalmi! Wancan mai sigarin ban yi mamakinsa ba. Amma kai?”

Na ce, “Suna ina, Baba?”

Ya dube ni kamar na tambayi inda gabas take. Ya ajiye bargon, ya yi alwala a nutse, gaɓa bayan gaɓa, ni ina tsaye ina jira. Ya shiga masallacin, ya miƙa hannu sama, daidai kan inda nake zama ina roƙo, ya zaro wani ƙunshi daga tsakanin azara. A nan mutanen unguwa ke cusa tsoffin warƙoƙin da suka yage, na san da haka, ban taɓa ɗaga kai ba. Ƙunshin cikin tsohon rawaninsa yake, a ɗaure da igiyar kaba. Tari bakwai, da istansil bakwai, har da gurɓatattun da ya tsinto daga kwandon shara ya miƙar da su.

Da sassafe, kafin motar kasuwa ta fara lodi, na je na roƙi Kawu ya zo ya ji da kunnensa. Ya zo yana dafe da kafaɗata, gafakar a hammatarsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar masallacin. Baba ya durƙusa ya gaishe shi, Mushe na tsaye daga gefe, ya ɓoye sigarinsa a baya.

“Sun kwana a ƙasa?” Kawu ya tambaya.

“Allah Ya gafarta Malam, ba su kwana ba. Yana fita ina shiga. Tawadar ma ba ta bushe ba, ga ta nan a rawanina.”

“Da alwala ka ɗauka?”

“Na fita na yi, sannan na dawo.”

Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce, “An ce ba ka karatu. Yaya aka yi ka san na ɗauka da na bari?”

“Ban iya karantawa ba, Malam, amma na san fuskarsa. Wanda na ga fuskar Alƙur'ani a jikinsa na ɗauka. Sauran na Nasara ne, na bar musu kayansu.”

A nan Kawu ya yi dariya, irin wadda rabona da jin ta tun ina yaro, har sai da ya dafe audugar idonsa. Ya ce mini in ɗauko ɗaya daga cikin na Nasaran in karanta. Na karanta shafi na biyu, inda ya rubuta cewa Allah bai ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba, wanda ya rasa ruwa ƙasa mai tsarki ta ishe shi. Baba ya buɗe baki.

“Har a cikin waɗannan akwai sunan Allah?”

“Akwai.”

“Innalillahi. Kuma na bar su suka kwana.” Ya juya kan Mushe. “Shekara nawa ina share takardunku, ba wanda ya taɓa gaya mini!”

Kawu ya lallashe shi, ya ce abin da mutum bai sani ba ba a kama shi da shi. Sannan ya shafa gafakar. Ana jin ƙahon motar kasuwa daga nesa. Ya ciro ta daga hammata, na miƙa hannu biyu, sai ya wuce ni ya ba Baba.

“Akwai kashi na biyu a ciki, na azumi. Idan za su buga, daga hannunka za su karɓa, warƙa ɗaya-ɗaya, su dawo maka da ita. Kuma ba a juya ƙarfen nan sai kana tsaye.” Ya juyo gare ni. “Wannan na farkon, ku ɗinke ku raba. Kai kuma, ɗan nan, idan aka ba ka sharaɗi, ka faɗa wa wanda kuke aiki tare, ko zai yi maka dariya.”

Ban ji daɗin ganin gafakar a hannun wani ba, amma na san daidai ne. Na raka shi tasha, ya hau, ya sa mini albarka ta taga.

Mun buga na azumin bayan damina. Baba ya kawo gadon kara biyu daga gidansa, a kansu muke shanya takardu. Tun daga ranar kuwa biron nan bai sake ganin takarda a ƙasa ba, kowace iri ce. Sanarwar taro, takardar izinin hutu, duk abin da ya faɗi sai Baba ya ɗauke ya kawo mini in duba masa ko akwai sunan Allah a ciki. Idan ba na nan, sai ya cusa a azarar masallaci. Mai ƙosai ta yi fushi da mu wata guda. Mushe kuma, duk sanda takarda ta ɓace masa, ba ya ko buɗe durowa, sai ya cire takalmi ya nufi masallaci yana gunaguni.

An daɗe da rushe wannan masallacin, an gina na siminti mai rufin kwano, babu inda za a cusa komai. A littafin da ke akwatina, shafi na tara yana da wani dogon shafin tawada a gefe, inda rawanin Baba ya goga tun tana ɗanya. Lokacin ɗinki Mushe ya ce a jefar da wannan, ya lalace. Na ce a bar mini shi.